Abin da Rana Ta Bar Mana na Inna

Ƙusa ce ta faɗo. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa sai na ji ƙwal daga cikin ɗaki, ƙarar ɗan ƙarfe a kan murfin kwano, bayanta kuma wani sululu na takarda tana bin bango tana sauka. Ban tashi ba sai da na gama tsintar. Bangonmu na ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti sama-sama, kowace damina sai ya saki wani abu. Da na shiga, na tarar kalanda ce ta zame ta faɗa bayan kabad, ƙusar kuma tana kwance a kan jeren kwanukana kamar da hannu aka ajiye ta.

Kalandar ta daɗe da gama aikinta, shekararta ta wuce da shekara biyu. An buga ta ne don saukar Alƙur'anin ƙanena, autanmu, aka raba wa 'yan uwa da maƙwabta a nan Kwarbai ranar walima. Daga sama akwai bisimilla da aya guda, daga ƙasa watanni a jere, a tsakiya kuma hotonsa a tsakar gidanmu, ya rungume allon zayyana, da jar hula a kansa. A gefen hagu, can baya kaɗan, ga Inna, mahaifiyarmu.

Ba tsayawa ta yi a ɗauke ta ba. Inna ba ta taɓa yarda da hoto ba tunda take. Ko katin zaɓe ba ta yi ba saboda shi. Takan ce ranar da Allah ya kira ta Makka za ta tsaya a ɗauka, don wannan lalura ce, kuma bai kira ta ba har ta koma gare shi. Abin da ya faru shi ne, mai hoto ya zo gida ana saura mako biyu walima, ita kuma baƙo ba ya shiga gidanta ya fita bakinsa a bushe. Ta fito daga madafi da farantin waina, na ce, "Inna, hoto ake yi!" Ta juyo tana dariya za ta ba ni amsa, mutumin ya danna. An ɗauki wasu bayan wannan, amma daga baya ƙanena ya gaya mini da gangan ya zaɓi mai Inna a ciki ya kai wa masu bugawa.

Ranar da aka kawo kalandun ta karɓi ɗaya, ta miƙa hannu nesa da fuskarta don idonta ya fara rauni, ta duba ta daɗe.

"Kun sace ni ke nan," ta ce. "Dubi bakina a wangale kamar mai kiran tallan waina."

"Kin yi kyau, Inna."

"Rufe mini baki. Ke ce ma kika sa na juyo." Ta naɗe ta ta miƙo mini. "To, shekara ɗaya ce. In ta ƙare ku ƙone, kamar yadda ake yi. Kada in ji wani ya ajiye ni."

Yadda ake yi ɗin kowa ya sani a gidajenmu. Takardar da ke da aya ko sunan Allah ba a jefa ta a shara, ba a ƙunshe ƙosai da ita, ba a shimfiɗa ta a kanta. In ta gama amfani sai a tara a ƙone a wuri mai tsarki, a tona rami a rufe tokar. Kalandar sauka kuwa duk mai aya ce.

Inna ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Zazzaɓi ne na kwana shida, ina da tsohon ciki lokacin. Na haihu bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, mace, aka sa mata sunan Inna. Saboda haka ba na iya kiran sunanta, sai dai in ce Uwata.

Da shekara ta ƙare, maigidana ya zaga ɗakuna yana tara tsofaffin takardu masu aya kamar yadda ya saba. Ya kai hannu zai zare kalandar daga ƙusa, na ce, "Malam, bar wannan." Ya dube ni, ya dubi jaririyar da ke bayana, ya sauke hannunsa. Bai sake tayar da maganar ba.

Amma ban samu natsuwa da ita ba. A ɗakin nake salla, kuma bangon da take yana kusa da alƙibla. Sai in tayar da kabbara, idona ya zame ya faɗa kan farantin waina. Na koma rufe ta da ɗankwali kafin kowace salla, in na idar in buɗe. A Islamiyyarmu ta matan aure malama ta yi mana karatu a kan rataye hotuna a ɗaki, na zauna kaina a sunkuye kamar da ni kaɗai take. Ga kuma maganar Inna da ba ta bar kunnena ba, kada in ji wani ya ajiye ni. Shekara biyu ina haka, ina rufewa ina buɗewa.

Shi ya sa ranar da ƙusar ta faɗo na ce wannan ishara ce. Na jawo kabad, na zaro kalandar, na karkaɗe ta. Babu abin da ya same ta, jar hular na nan da janta, fuskar Inna na nan da hasken man da takan shafa. Na fito da ita na tsaya a tsakar gida. Murhu na ci a lokacin, taku huɗu ne tsakanina da shi. Akwatina kuma na cikin ɗaki, inda da na naɗe ta a zane na ajiye, da yau ba ni da labarin bayarwa. Ban yi ko ɗaya ba. Na ɗauki dutsen guga na buga ƙusar a bangon rumfa, saman randa, na rataye ta. Na ce da kaina, to ga shi na fitar da ita daga ɗakin salla, kuma ban rabu da ita ba. Har na ji daɗin dabarata.

Bangon rumfar yamma yake kallo. Daga azahar har gab da magariba rana na kansa.

Waina ce ta fara tafiya. Wata rana na zo ɗiban ruwa na ga farantin kamar an zuba masa toka, ruwan zinaren nan na gefen waina babu shi. Daga nan rawayar zayyanar allo ta bi. Jar hular ta koma ruwan hoda, ta koma wani abu da ba shi da suna. Sannan abin ya zo kan fatar mutane. Ƙanena da Inna suka riƙa yin haske suna yin sanyi, har wata rana na lura duk hoton ya koma launi ɗaya, in ka cire baƙin rubutu da ɗan baƙin ido da gira. Ba shuɗin baba ba ne na marina, mai nauyin nan. Wannan mara nauyi ne, yana tsakanin shuɗi da kore, kamar ruwan bula da aka tsarma sau uku, ko gefen sama da hantsi bayan an kwana ana ruwa.

Ina gani aka yi. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini wuyar rubutawa. Sau nawa nake zuwa randa a yini? Malam ma ya faɗa mini, yana alwala a bakin rumfa.

"Rana fa na cin kalandar nan taki."

"Zan cire," na ce.

Bayan wata biyu ya sake cewa, "Ko surukar tawa sanyi take ji ne kika shanya ta?"

Na yi dariya, na ce zan cire. Na daɗe ina gaya wa kaina hidimar gida ce ta sha kaina. Yanzu na san ba haka ba ne. Akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ga rana na yi mini aikin da na kasa yi da wuta, a hankali, ba tare da na kunna ashana ba, sai ya yi shiru. Ina so in cika wa Inna maganarta, kuma ba na so a ce ni na yi.

Uwata kuwa a ƙarƙashin kalandar ta tashi. A nan take wasanta, tana dafa randa. Da bakinta ya buɗe na nuna mata na ce ga mai sunanki, sai ta mayar da abin al'ada, kowace safiya in ta gaishe ni ta gaida babanta sai ta je ta ɗaga kai ta ce, "Inna, ina kwana." Na hana ta, na ce ba a gaida takarda, addu'a ake yi wa mamaci. Ta koma cewa, "Allah ya ji ƙan Inna," sannan ta rage murya ta ƙara da ina kwana. Wata rana ina wankin fararen kayan babanta ta leƙa bokiti, ta dubi bango, ta ce, "Umma, Inna da bula take wanka?"

Tana da shekara biyar Yayata ta zo. Ita ce babbarmu, aure ya kai ta nesa, rabonta da Zariya tun rasuwar. Ta zo sunan jikar wata gwaggonmu ta sauka a wurina. Bayan an gaisa an yi kuka an yi dariya, ta tashi za ta sha ruwa. Na ji moɗa ta faɗi.

"Me kika yi wa Inna?"

Na fito. Tana tsaye, hannunta a ƙirji.

"Rana ce, Yaya."

"Rana ce ta shigo ɗaki ta ɗauko ta? Inna lillahi. Ke kin san abin da kika yi kuwa? Ni na ƙone tawa bayan shekara ta ƙare, ina kuka ina ƙonewa, don na san taki na nan. Auta ya gaya mini kin hana Malam taɓawa. Na ce to alhamdu lillahi, ni na cika mata magana, in na zo gida kuma in gan ta a wurinki."

Ban taɓa sanin haka ba. A zatona ni kaɗai ce mai laifin ajiyewa. Ashe duk sun jingina da laifin nawa.

Washegari muka fara yawo. Muka je Limancin Kona wurin Gwaggo, yayar Inna. Ta ce, "Ta ce a ƙone, na ƙone. Ni da na san fuskarta tun tana tatata me zan yi da takarda?" Muka je Gyallesu inda ƙanena ke zaune da iyalinsa. Shi ma ya ƙone tasa da sauran da suka rage a kwali, ya ce bai ga yadda zai yi ya sauke Alƙur'ani sannan ya saɓa wa mahaifiyarsa a kan takardar saukar ba, balle ya san akwai ɗaya a wurina. Hoton da ke wayarsa ya tafi da wayar tun da daɗewa. Mai hoton ya bar garin, da aka same shi ya ce ba ya ajiye aikin da ya wuce shekara. Maƙwabta kuwa, gida bakwai muka shiga, kowa amsarsa ɗaya, har da ɗan alfahari: ai mu ba ma barin aya ta wulaƙanta. Ban taɓa jin haushin kyakkyawar ɗabi'a ba sai ranar, Allah ya yafe mini.

Malam ne ya ce mu je wurin wanda ya buga ta. Ya ɗauke ni a bayan babur da hantsi, kalandar a naɗe cikin hijabina, muka fita ta Ƙofar Doka. Shagon ɗan ƙarami ne, warin kananzir da tawada ya cika shi, wani tsohon inji ya cinye rabin wurin. Mai shagon dattijo ne siriri, gefen faratansa duk launi. Ya shimfiɗa kalandar a kan tebur, ya dube ta ya ce, "Aikina ne. Na gane yankan." Ya ɗauko wani ɗan gilashi mai ƙafa ya ɗora a kan kuncin Inna.

"Malama, sa idonki nan."

Na sunkuya. Babu kunci. Ɗigo-ɗigo ne ƙanana a jere kamar an yayyafa gero, duk masu wannan launin, tsakaninsu farar takarda.

"Wuraren da kika ga fari, da akwai ja da rawaya," ya ce. "Duk hoton da kike gani mai launi iri-iri, tawada huɗu ce kacal. Injin nan nawa tawada ɗaya yake sha a lokaci guda, don haka sau huɗu takarda ke shiga. Kowace tawada da farantinta na ƙarfe mai ɗauke da hoton."

Ya jawo gwangwanaye ya buɗe mini. Ga baƙi. Ga rawaya. Ga wani ja mai kama da zoɓo. Na huɗun a cikin gwangwani duhu ne sosai, har na ce ai wannan ba shi ba ne. Ya lakato da ɗan yatsa ya goga a kan farar takarda, ya ja ya ja har ya yi siriri. Sai ga fuskar Inna a ƙarshen jan, launin nan sak. Na kama bakin tebur.

"Siyan muke ce masa, haka yake zuwa a rubuce jikin gwangwani. Ban san masa sunan Hausa ba, ga shi na tsufa ina kankare shi daga farce. Rawaya ita ce raguwa, da ta ga rana sai gudu. Ja ya bi ta. Wannan da baƙi su ne masu taurin kai."

Ya zaro wata takarda daga tarin waɗanda suka lalace, katin bikin wasu ne da ya shiga inji sau ɗaya kawai. Ango da amarya duk shuɗaye.

"Kin gani? Da shi nake farawa. Amarya, ɗan siyasa, mai sauka, kowa sai ya fara zama haka kafin in sa masa jini. Mahaifiyarki ta koma yadda ta fara fitowa ne."

Malam ya ce, "To Alhaji, ba a mayar da ita inji a ƙara mata jan da rawayar?"

"Ja nawa, a wane wuri? Faranti ne ya san wannan, ni ban sani ba."

"Farantan fa?"

"Na shekara biyar? Malam, ai masu zubin tukwane ke kwashewa su narke. Wataƙila ma a ciki aka tuƙa muku tuwon jiya."

Malam ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya mayar da ita tari. Dattijon ya naɗe kalandar da kansa, a hankali, ya ɗaure da zare. Ya ce in raba ta da rana, abin da ya rage zai daɗe, zai iya fin mu daɗewa ma. Na yi godiya. A hanya ina ta tunanin da ma tun a wata ukun farko na ji maganar Malam.

Akwai 'yar maƙwabtanmu da ke karatun zane a jami'a, yarinya mai hankali, tun tana ƙarama take shigo mini. Uwarta ta ba ta labari, sai ga ta ranar Asabar da allon zanenta da ƙananan robobin fenti. Ta ce ba za ta taɓa kalandar ba, za ta dubi fuskar ta zana a wata takarda, mu kuma mu gaya mata launi. Zuciyata ta yi nauyi, don wanda ya ƙi hoto ina ga zane da hannu. Amma Yaya ta ce a yi, ni kuma a lokacin ba ni da bakin musa mata.

Muka zauna a rumfa. Cikin awa guda ta fitar da fuskar da fensir, har gibin haƙorin. Sannan ta ce, "Anti, zanen da ta ɗaura wane launi ne?"

"Ja ne mai ɗigon rawaya," na ce.

"Kai, ina!" in ji Yaya. "Ruwan goro ne, mai ganye. Ni na aiko mata da shi."

"Yaya, ba ki nan ranar."

"Ba na nan, amma na shekara ina kallon kalandar. Ke da kike nan ai ga abin da zamanki ya yi."

Kayan Inna an rabar sadaka tun bayan arba'in, babu inda za a duba. Aka bar shi ruwan goro.

"Fatarta fa? Baƙa ce?"

"A'a," muka ce tare.

"Fara?"

"A'a."

"To kamar wa?"

Yaya ta miƙa damtsenta, na miƙa nawa, muka jera. Ta ce Inna ta fi ni duhu, na ce ta fi Yaya haske, alhali ni da Yaya kusan ɗaya muke. Matar da ta yi mini wanka, wadda na wanke da hannuna ranar da ta rasu, ga shi an tambaye ni launinta ina ta kame-kame. Hannunta na tuna, da ƙanshin man kaɗanya, da yadda take tari kafin ta yi sallama. Launin kuwa duk lokacin da na nemo shi sai wannan shuɗin ya riga shi zuwa.

Yarinyar ta yi ta gauraya fenti tana nuna mana a gefen takarda. Na ga ta buɗe wata roba ta ɗiga ɗan kaɗan a cikin ruwan ƙasan da ta haɗa. Launin kalandar ne.

"Me zai yi a fatar mutum?" na ce.

"Yana ciki, Anti. In babu shi fuska sai ta yi kamar tukunyar ƙasa. A inuwar wuya yake, da ƙasan ido. Ba a ganinsa ne sai sauran sun tafi."

Bayan kwana huɗu ta kawo. Aiki ne mai kyau, ba zan rage mata ba. Mace ce kyakkyawa, tana dariya, da farantin waina kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Yaya ta juya shi dama ta juya hagu.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma wannan baiwar Allah ban san ta ba. Ta fi kama da masu sayar da atamfa a Sabon Gari."

Muka yi dariya har da riƙe ciki, yarinyar ma ta taya mu, daga nan dariyar Yaya ta juye kuka.

Na jingina zanen a kan kabad kwana uku. A na ukun, bayan sallar la'asar ina yi wa Inna addu'a, na rufe ido in kawo fuskarta kamar yadda na saba. Sai matar zanen ta zo, da ruwan goronta da kumatunta. Na buɗe ido na sake rufewa, ita ce dai. Tsoro ya kama ni. Na rasa launin Inna a bango, yanzu kuma ɗan abin da ya rage a kaina wata na neman zaunewa a kai. Tun kafin magariba na sa hijabi na mayar wa yarinyar da zanenta, na ba ta haƙuri, na roƙe ta ta shafe shi ta yi wani aikin a kai.

Ranar da Yaya za ta koma, tana ɗaure kaya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin ƙone, da na ce kin bi maganarta. Da kin adana, da na ce kin ji tausayinmu. Ratayewar nan ce ban san sunanta ba." Ta rungume ni a zaure duk da haka, ta ce in yafe mata zafin bakinta. Na ce ba ta faɗi ƙarya ba.

Tun dawowarmu daga shagon kalandar na cikin akwati, in ka cire ranar zanen. Uwata ta tambaye ni sau biyu ina Inna, na ce ta shiga ɗaki. Na yi mako ina juya abin. Na ga abin da za a adana ya riga ya tafi, wanda ya rage ba ya nuna wa kowa Inna, sai dai ya nuna abin da na yi. Maganarta kuwa tana nan ban cika ba. Na ce ko a makare ne gara in cika.

Da safe bayan Malam ya fita, na share wani gefe na tsakar gida, na hura gawayi a kasko, na tona ɗan rami kusa da bishiyar lalle don tokar. Na ɗauko kalandar na kwance zaren. Na buɗe ta don in yi mata kallon ƙarshe. A hasken safiya launin ya yi kyau, ban taɓa yarda da haka ba sai ranar. Gibin haƙorin na nan. Juyowar wuyan na nan, tana shirin ba ni amsar da har yau ban ji ba.

Uwata ta fito daga ɗaki da kofin kokonta, hijabin makaranta a karkace. Ta ga Inna sai fuskarta ta washe, ta ce Allah ya ji ƙan Inna, ta rage murya ta ƙara da abin da takan ƙara. Sannan ta ga kaskon. Ta san me ake yi da kasko da rami, ta sha ganin babanta.

"Ƙonewa za ki yi?"

"Ita ta ce a ƙone, Uwata. Tun ba a haife ki ba."

"Don me?"

"Ba ta son hoto. Kuma kin ga ya lalace, ba haka take ba. Inna ba shuɗiya ba ce."

Ta ajiye kofin a ƙasa, ta zo ta kama gefen takardar da hannu biyu. Ba ta ja ba, ba ta yi kuka ba, ta riƙe ne kawai.

Gawayin nan ruwan wanka na ɗora a kai daga baya, ramin kuma na mayar da ƙasarsa. Kalandar tana ƙasan akwatina yau, a naɗe cikin farin zane, ranar Juma'a nakan fito da ita a cikin ɗaki, nesa da taga, mu duba mu mayar. Ban cika wa Inna maganarta ba, ban kuma adana wa 'yan uwana fuskarta ba, kuma kullum cikin neman gafarar duka biyun nake. Ban san me zan ce mata ba in Allah ya haɗa mu. Na dai san abin da ya sa hannuna ya kasa kai wa wuta a safiyar nan, lokacin da mai sunanta ta ɗago kai ta dube ni.

"Umma, ke kin ga mai launin. Ni wannan kaɗai na gani. Ki bar mini ita."